An Haifi Mahaifina a Kumasi, Amma Doka Ta Kira Shi Baƙo

Ni haifaffen Zangon Kumasi ne. A shekarar 1956 aka haife ni, saura 'yan watanni Turawan Ingila su miƙa mulkin ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, wato Gana ta yau. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shaida shi ne waɗanda suka ga korar baƙi ta 1969 da idonsu suna ta ƙarewa, kuma matasan unguwanninmu, waɗanda suka buɗe ido suka tarar ana jefa ƙuri'a duk bayan shekara huɗu, da yawansu ba su san cewa kakanninsu sun taɓa kwana a bakin iyaka da tabarmi da tukwane ba, bayan an umarce su da su bar garin da aka binne cibiyarsu. Abin da na gani zan faɗa, da abin da na ji daga bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama.

Kakana na wajen uba mutumin ƙasar Kano ne, kuma falke ne. Tun yana saurayi yake bin ayari zuwa Gwanja, su kai kanwa da turkuɗi da kayan fata, su komo da goro a kan jakuna. A wancan zamani kasuwar Salaga ce matattara, domin sarakunan Asante, waɗanda mu Hausawa muke kira Tonawa, ba sa barin fataken arewa su kutsa cikin kurmi su sayi goro da kansu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa, sannan Turawa suka kama Sarki Prempeh a 1896, suka murƙushe boren da Yaa Asantewaa ta jagoranta a 1900, sai ƙofar Kumasi ta buɗe wa mutanen arewa. A cikin waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa har da kakana, ya auro matarsa daga gida, ya kafa gida a Zango, ya zama fatoma mai saukar fatake yana sayar musu da kaya yana karɓar la'ada.

Akwai gaskiya mai ɗaci da ya kamata mu mutanen Zango mu riƙa faɗa wa kanmu. Ba fatake kaɗai ne Hausawan da suka shigo Kumasi ba. Tun yaƙin 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ƙone birnin, akwai dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya ɗebo daga Legas, kuma daga irin waɗannan dakaru aka gina rundunar tsaron Gwalkwas. Saboda haka a idon tsofaffin Tonawa, Zango ya girma ne a inuwar bindigar Bature, ko da yake mafi yawan mazaunansa ba su taɓa riƙe bindiga ba. Su kuwa Turawa wannan rata ta yi musu daɗi, sai suka raya ta. Suka tsara cewa kowace ƙabila ta baƙi ta yi shugabanta, Hausawa da nasu, Mosawa da nasu, Yarbawa da Wangarawa da Fulani kowa da nasa, kuma shekaru da dama ta hannun Bature waɗannan shugabanni suke kai kuka da karɓar umarni. Ƙasar da muka yi gini a kanta ba tamu ba ce, ta masu gari ce. Makarantun boko kuwa galibinsu na mishan ne, iyayenmu suka ƙaurace musu don tsoron kada a raba 'ya'yansu da addini, sai ya zama lokacin da aikin gwamnati ya dawo hannun baƙar fata, kusan babu ɗan Zango a teburin da ake rubuta doka.

Abin da ya fi cutar da mu daga baya shi ne abin da a lokacin ya fi kama da sauƙi. A ƙarƙashin Ingila, mutum zai tashi daga Kano ya zo Kumasi babu wanda zai tambaye shi fasfo. Sulen da ake kashewa a kasuwar Kurmi shi ake kashewa a kasuwar Kumasi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga can ya hau dogo zuwa Kano, mutane kuma suka riƙa kaiwa da komowa a kan wannan hanya kamar tsakanin unguwa da unguwa. Turawa suna bukatar lebura a gonakin koko da ramukan zinariya, don haka suka bar ƙofa a buɗe, amma ba su taɓa zama sun fayyace matsayin 'ya'yan da waɗannan mutane za su haifa ba. Mahaifina a ɗakin kakata ungozoma ta karɓe shi, aka raɗa masa suna ranar bakwai, liman ya yi addu'a, shi ke nan. Babu inda aka rubuta. Ya tashi yana jin harshen Tonawa kamar su, ya gaji sana'ar ubansa, ya san goron kowane ƙauye da ɗanɗanonsa, ya san wanda zai jure hanya a cikin huhu da wanda zai lalace kafin ya kai Legas. Kano kuwa sunanta kawai yake ji a bakin baƙin da yake saukarwa.

Da aka sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, sabuwar dokar zama ɗan ƙasa ta ce haihuwa a Gana kaɗai ba ta isa ba, sai idan ɗaya daga cikin iyayen mutum ko kakanninsa ma a ƙasar aka haife shi. Wannan layi guda ya ratsa tsakiyar gidanmu ba tare da mun sani ba. Mahaifina iyayensa duka biyu a ƙasar Kano aka haife su, don haka shi baƙo ne. Mahaifiyata kuwa uwarta Bagwanjiya ce haifaffiyar Salaga, don haka ita 'yar ƙasa ce. Mu 'ya'yansu kuma, tunda an haife mu a Kumasi kuma an haifi iyayenmu a Kumasi, 'yan ƙasa ne. A 1967 gwamnatin soja ta yi wata doka da ta ba duk wanda aka haifa a ƙasar wannan matsayi, sannan aka gyara ta a 1969 aka koma gidan jiya. Ke nan mahaifina ya zama ɗan Gana na ɗan lokaci a takarda, aka kuma karɓe, duk yana rumfarsa yana tsintar goro bai ji labari ba.

Darasin farko da Zango ya koya game da siyasar sabuwar ƙasa ya zo ne tun ina goye. A shekarun neman 'yanci, manyan Zangon Kumasi da dama suna cikin jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ta haɗa kai da ƙungiyar NLM ta Tonawa wajen adawa da jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. Ba a yi wata shida da 'yancin kai ba gwamnati ta ba da umarnin a fitar da Alhaji Amadu Baba, jagoran Zango, da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar. Suka garzaya kotu suka ce su haifaffun Gana ne, ba a iya korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. Maimakon a jira alƙali ya saurari hujjarsu, sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka sa su a jirgi zuwa Najeriya. A ƙarshen wannan shekara aka haramta jam'iyyun da aka kafa bisa addini ko ƙabila, a 1958 aka kawo dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba, a 1964 ƙasa ta koma ta jam'iyya ɗaya. Mahaifina yakan ce tun daga ranar da aka tafi da Alhaji Amadu Baba ya daina zancen siyasa a zaure, domin idan mai rawani da dukiya da lauya bai tsira ba, mai rumfar goro ba shi da ta cewa.

Duk da haka zuciyarsa tana tare da 'yan adawa, kuma lokacin da jam'iyyar Dokta Kofi Busia ta ci zaɓen Agustan 1969 da kujeru 105 cikin 140, an yi murna a gidanmu. Ana ganin waɗanda aka sha wuya tare da su ne suka hau. Ba a yi wata uku ba, ranar 18 ga Nuwamba 1969, aka yi shela a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu, ko ya bar ƙasar. Dokar neman izinin tana nan tun 1963, amma ba a taɓa tilasta ta ba, kuma mafi yawan mutane ba su san da ita ba. Ƙasa tana cikin matsi a lokacin: bashi ya yi katutu, matasa ba aiki, ga ƙidayar 1960 ta nuna cewa kusan kashi 12 cikin 100 na mazauna ƙasar asalinsu na waje ne. Sai aka ɗora wa baƙi laifin fasa-ƙwaurin lu'ulu'u da cunkoson kasuwa da sata, aka sami abin da za a nuna wa jama'a da yatsa.

A cikin goman farko na azumi wannan shela ta same mu. Ina da shekara goma sha uku, na isa in gane abin da ke faruwa, ban isa a yi shawara da ni ba. Kafin a ba mutum izinin zama sai ya nuna fasfo na ƙasarsa, kafin ya sami fasfo sai ya je Akra ya bi layin da ba a ganin ƙarshensa, ya kuma tabbatar wa ƙasar da bai taɓa takawa ba cewa shi ɗanta ne. Mahaifina ya je ya dawo hannu rabbana. A cikin unguwa kuwa kullum da labarin da za a wayi gari da shi, an kama wane a tasha, an kwashe mutane a kasuwa, yara suna bin tsofaffi a titi suna yi musu waƙar ku tafi garinku. Wani akawu maƙwabcinmu, Batone ne kuma mutumin kirki, ya shigo zaure bayan sallar asham ya bayyana wa mahaifina cewa dokar shi kaɗai ta shafa, iyalinsa ba ruwansu. Mahaifiyata tana bayan labule tana ji. Da baƙon ya fita sai ta ce, "Malam, ka tafi ka bar ni da yaran mu riƙe maka gida, idan ƙura ta lafa ka dawo." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Gwamnati ta raba ni da gari, ba zan taya ta raba ni da 'ya'yana ba." Maganar ba ta sake tashi ba.

Gidan da kakana ya gina, mai ɗakunan baƙi da rumbun ajiyar goro, an sayar da shi a kan kuɗin da bai kai na kwanon rufinsa ba, domin kowa ya san mai sayarwa ba shi da lokacin ciniki. Bashin da mahaifina yake bin manoma da dillalai ya tafi ke nan, wanda ake binsa kuwa sai da ya biya har kwabon ƙarshe, ya ce ba zai bar Kumasi da haƙƙin kowa a wuyansa ba. Kakata ta wajen uwa ta ƙi tafiya, ta ce ita ba ta da wata ƙasa. Ranar da za mu hau mota ta riƙe hannun mahaifiyata ta kasa saki, har sai da mahaifina ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini, ba da son raina zan tafi da ita ba." Ta ce ta yafe, Allah ya kiyaye hanya. Ba su sake ganin juna da shi ba.

A babbar motar katako muka bi ta Akra zuwa Aflao, bakin iyakar Gana da Togo, inda muka tarar da jama'a ba iyaka a kan rairayi, Yarbawa da Zabarmawa da Hausawa da mutanen Togo da Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau, ana jiran a buɗe hanya. Na ga an haihu a wurin, na ga an yi jana'iza. Manya suna azumi, ruwan buɗa-baki ma sai an saya da tsada. Dubban ɗaruruwan mutane ne suka bar Gana cikin watannin nan, kuma mafi yawansu 'yan asalin Najeriya ne, ƙasar da ita kanta a lokacin tana cikin yaƙin basasa wanda bai ƙare ba sai Janairun 1970. A hanya muka yi ƙaramar salla, babu sabon ɗinki babu tuwon salla. Daga Legas muka hau jirgin ƙasa zuwa Kano, hanyar da goron gidanmu ya shekara hamsin yana bi, mu kuwa ranar muka fara ganinta.

A Fagge muka sauka, a gidan wani attajiri da ya saba sauka wurin mahaifina a Kumasi, kuma har gobe ina yi masa addu'a, domin ya rama alheri da alheri. Dangin kakana da muka nema a ƙauye sun karɓe mu da mutunci, amma gonar gado an raba ta tun kafin a haifi mahaifina, kuma babu wanda ya tuna fuskar wanda ya tafi Gwanja bai dawo ba. Mu yara kuwa da mun buɗe baki sai a fashe da dariya, saboda Hausarmu ta Zango ba ta rarrabe namiji da mace yadda Kanawa suke yi, ga kalmomin Tonawa a ciki. A Kumasi an ce mu 'yan Najeriya ne, a Kano aka ce mu 'yan Gana ne. Mahaifina ya koma ɗan kamasho a kasuwar goro ta Ujile, yana yi wa waɗanda ya taɓa saukarwa a gidansa hidima. Bai taɓa kokawa a gabanmu ba, amma ya rame, ya rage magana. Da labari ya zo cewa Kanar Acheampong ya hamɓarar da Busia ranar 13 ga Janairun 1972, mutane suka zo yi masa barka, ya ce su bari, soja ba zai mayar masa da gidansa ba, kuma duk wanda ya hau da bindiga ba a iya tambayarsa dalili. Ya rasu kafin shekarun 1970 su ƙare, a Kano kabarinsa yake.

Ni ɗinki na koya, kuma a shagon ɗinki, inda rediyo ba ya mutuwa, na yi karatun siyasata. A Janairun 1980 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ta kai shi Chadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Da na ji sai na tuna Alhaji Amadu Baba, domin salon ɗaya ne, a rasa yadda za a yi da abokin hamayya sai a tono asalin ubansa. Bambancin shi ne a wannan karon an bar kotu ta yi aikinta, ta saurari shaidu, ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo gida. Wannan shari'a ta zauna mini a rai, domin ita ta fara nuna mini cewa takardar da aka kori mahaifina da ita ba daga sama ta sauko ba, mutane ne suka rubuta ta, kuma akwai wurin da ake iya tsayawa a ƙalubalance su.

Sai ga 1983. Arzikin man fetur ya ja 'yan Gana da yawa zuwa Najeriya, malaman makaranta da masu gyaran takalmi da magina, sannan farashin mai ya faɗi, ga kuma tarzomar Maitatsine ta Disambar 1980 da ta sa ana kallon kowane baƙo da zargi. A tsakiyar Janairu gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, kuma kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya ne suka kama hanya, a shekarar da fari da gobarar daji suka jefa ƙasarsu cikin yunwa. Na ji mutane a Kano suna cewa ramuwa ce, an yi musu abin da suka yi mana. Wallahi ban ji daɗin komai ba. Akwai wani malamin makaranta Batone da nake yi wa ɗinki, muna hira da harshensu idan kewar gida ta dame ni. Ya zo da dare da akwatin littattafansa da keken ɗinkin matarsa ya ce in ajiye masa, kuma fuskar da na gani a kansa ita ce fuskar mahaifina a zaurenmu na Kumasi. Ni ma a makon wani jami'i ya tare ni a hanya, ya ji lafazina ya ce in nuna takarda, sai da dattawan unguwa suka zo suka tsaya mini. Gwamnatin da ta kore mu a 1969 zaɓaɓɓiya ce, wadda ta kori waɗannan a 1983 ma zaɓaɓɓiya ce, kuma dukkansu sun sami masu tafa musu.

Bayan 'yan shekaru mahaifiyata ta matsa sai ta koma ta ga uwarta kafin rai ya yi halinsa, ni na rako ta, kuma Allah ya nufa zamana ke nan. Ƙannena sun zauna a Kano, sun yi aure, 'ya'yansu 'yan Najeriya ne. Na je na tsaya a ƙofar gidanmu na dā, wanda ya saya ya ɗora masa bene, ya fito ya gaishe ni da girmamawa ya ba ni ruwa, ban kuma riƙe shi da komai ba. Na kama haya a unguwar Aboabo cikin Kumasi na kafa keken ɗinkina. Lokacin mulkin soja ne na Jerry Rawlings, rediyo ɗaya ne kuma na gwamnati, jarida sai da lasisi, mutane suna magana ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya tambaye ni ko ni ɗan ƙasa ne, domin babu abin da ake rabawa da ya kai a yi tambayar.

Tambayar ta dawo ne tare da ƙuri'a. An amince da sabon tsarin mulki a ƙuri'ar raba-gardama ta Afrilun 1992, aka koma mulkin farar hula a Janairun 1993, sannan a 1995 aka buɗe sabuwar rajistar masu zaɓe. Da na kai gaban tebur na faɗi sunana da na mahaifina, sai wakilin wata jam'iyya, yaron da na girme wa nesa ba kusa ba, ya miƙe ya ce bai yarda ba, wannan ɗan Najeriya ne. Jikina ya yi sanyi, na ji kamar in juya in tafi gida kamar yadda wasu tsofaffi biyu da ke gabana suka yi. Abin da ya tsayar da ni shi ne jami'ar da ke rajistar ta ce ƙorafi ba hukunci ba ne, akwai kwamitin da zai saurare ni, kuma ina da damar kawo shaidu. Na je da wani ƙanen kakata daga Salaga da limamin da ya san ranar sunana. Aka yi mini tambayoyi, na amsa, aka karanta abin da doka ta ce game da wanda aka haifa kafin 6 ga Maris 1957, aka ce in je in karɓi katina. Ranar 7 ga Disambar 1996 na jefa ƙuri'ata ta farko ina da shekara arba'in. Abin da aka hana Alhaji Amadu Baba da dukan girmansa, wato a saurare shi kafin a yanke, ni tela na same shi.

Daga nan abubuwa suka riƙa sauyawa a gaban idona. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, har da masu shirye-shirye da Hausa, inda mai sayar da koko za ta buga waya ta faɗa wa ɗan majalisa cewa kwatar unguwarsu ta toshe. A 2001 aka soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida saboda ɓata suna. A zaɓen 2000 mulki ya tashi daga jam'iyya zuwa jam'iyya ba tare da harbi ba, kuma jam'iyyar NPP, wadda ta gaji gidan siyasar Busia, ita ta kawo Alhaji Aliu Mahama a matsayin Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Wannan jam'iyya ta daɗe tana ɗauke da tabon 1969 a Zango, har ta kafa reshe na musamman don neman ƙuri'unmu, ta kuma kafa asusun raya Zango a 2017, sannan ta tsayar da Dokta Mahamudu Bawumia takarar shugaban ƙasa a 2024, wanda ya amince da shan kaye washegarin zaɓe tun kafin a gama sanar da sakamako. A 2013 na zauna a shago ina kallon shari'ar zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye a talabijin wata da watanni, wanda ya sha kaye a kotun kuma ya karɓi hukunci. A farkon 2025 ɗan majalisar mazaɓarmu ta Asawase, Muntaka Mubarak, ya zama ministan cikin gida. Ban ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin kyauta ba. An zo ƙofarmu ne saboda an ƙirga mu an ga muna da yawa, kuma muna iya juya wa mutum baya ranar zaɓe.

Sai dai tsohon kallon da ake yi mana bai gushe ba. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai 'yan Zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Unguwa ta tashi, rediyo ya ɗauka, iyaye suka fito da hotunan 'ya'yansu suna faɗin sana'ar kowannensu, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike, wanda ya ce bai ga hujjar da ta nuna 'yan fashi ba ne. Aka dakatar da jami'ai 21, aka biya iyalai diyya. A zamanin mahaifina da an binne su an yi shiru, wannan gaskiya ne, amma kuma diyya ba ta dawo da ɗa, kuma na tabbata sunayensu da unguwar da suka fito suna cikin abin da ya sa aka yi saurin gaskata cewa ɓarayi ne. Haka nan duk lokacin da aka buɗe rajista, ko ta zaɓe ko ta katin ɗan ƙasa, masu suna irin namu da Fulani su ne ake tsayarwa a gefe ana tambayarsu garin kakansu. A 2020 kotun ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, don haka har yau abin yana komawa ne ga wanda zai tsaya maka, da kuma ko jami'in da ka tarar ya san doka ko zato yake bi.

Abin da ya fi damuna yanzu yana cikin gidanmu ne. Rashin tsaro da fari sun koro mutane daga Nijar da Burkina Faso da Mali, suna sauka a Zango kamar yadda kakana ya sauka, ga shi kuma ƙasashensu uku sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba talakan yankin nan damar ketare iyaka ba tare da biza ba. Ina jin jikokin waɗanda suka kwana a Aflao suna cewa baƙi sun cika mana gari, su ne ɓarayi, a kwashe su. Na tashi a masallacinmu bayan sallar la'asar na ba da labarin mahaifina daga farko har ƙarshe, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ce zamani ya bambanta. Ban hana gwamnati sanin wanda ya shigo ƙasarta ba, haƙƙinta ne. Abin da nake roƙo shi ne a ba mutum lokacin da zai isa ya nemi takarda, a saurare shi shi kaɗai a kan abin da ya aikata, kada a yi wa jama'a kuɗin goro.

A gidan da nake haya akwai wani Bazabarme mai sayar da albasa, 'ya'yansa duka a Kumasi aka haife su, suna jin harshen Tonawa fiye da nasa, kuma ba su taɓa ganin Nijar ba. Tsarin mulkin 1992 ya ce sai wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne yake zama ɗan ƙasa ta haihuwa, don haka matsayin yaran nan a yau shi ne matsayin mahaifina a 1969. Na raka ubansu ya yi musu rajistar haihuwa, na kuma sa shi ya je ofishin jakadancin ƙasarsa ya sabunta takardunsa, ya fara tambayar sharuɗɗan neman zama ɗan ƙasa tun babu wanda ya matsa masa. Na rubuta wa ɗan majalisarmu wasiƙa a kan yaran da ke cikin irin wannan hali, na sa hannu da cikakken sunana da lambar katin zaɓena, kuma idan an buɗe taron jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki a Kumasi, zan je in maimaita maganar da bakina.